Gidan Shubich na Kuroshiya: yaya hakimai suka ƙasaita har suka samar wa gari bishop?

Ɗan_Yelwa_Bauchi:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman ƙarin haske daga masana tarihin Turai. Ana yawan ambatar wani gida a Kuroshiya, gidan Shubich, ana cewa babbansu Pavao "sarki ne marar kambi" a wajen shekarar 1300. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na farko, ai Kuroshiya tana ƙarƙashin sarkin Hungary a lokacin, to ina sarkin yake har wani hakimi ya riƙa buga kuɗinsa? Na biyu, an ce su ne suka sa aka ba garin Shibenik bishop nasa na kansa. Mene ne ribar mai mulki a cikin wannan? Don Allah a yi bayani dalla-dalla, kada a ce kawai "suna da ƙarfi".

Malam_Bolari:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in ɗauki ta farkon, ta cocin akwai waɗanda suka fi ni saninta a nan.

Fara da ƙasar tukuna, don in ba ka ga shimfiɗarta ba sauran bayanin ba zai zauna maka ba. Gaɓar tekun Adriyatik siririya ce, a kanta akwai birane masu ganuwa da tashar jiragen ruwa: Zadar, Shibenik, Trogir, Split. Bayansu kuma tsaunuka ne. Duk kayan da zai fito daga cikin ƙasa zuwa teku, ko gishiri da tufafi da za su shiga ciki, dole ya bi ta wasu 'yan mashigai. Asalin gidan Shubich a Bribir yake, wani tudu mai tsohon gari tun zamanin Rumawa, kusa da Skradin a bakin kogin Krka. Daga baya suka haɗa da Ostrovitsa, da Klis wadda ke zaune daidai saman Split, da Omish. Wanda ya riƙe Klis ya riƙe maƙogwaron Split, ko da bai taka cikin birnin ba.

Hawansu mataki-mataki ne. Matakin farko shi ne mayar da sarautar Bribir ta gado. A 1241 zuwa 1242 Mongol suka afka wa Hungary, Sarki Bela na huɗu ya gudo har Trogir, mutanen Bribir na cikin waɗanda suka tsaya masa. A 1251 ya tabbatar musu da gundumar da takarda mai hatimi. Ka lura da bambancin: hakimin da sarki zai iya tuɓewa gobe daban, wanda ƙasa ta zama ta gidansu daban.

Mataki na biyu shi ne biranen gaɓa. Waɗannan birane suna da majalisarsu da dokokinsu, kuma bisa al'ada su ke zaɓar shugaba, galibi daga waje, don kada wani gida na cikin gari ya danne sauran. Shubich suka riƙa sa ana zaɓar 'yan gidansu. Juraj, ƙanin Pavao, ya riƙe shugabancin birane da dama a lokaci guda. A takarda zaɓe ne, amma birnin da gonakinsa da gonakin inabinsa ke wajen ganuwa, a gindin sansanin mutumin, wa zai zaɓa in ba shi ba?

Na uku, muƙamin "ban", wato wakilin sarki a ƙasar, mai jagorantar yaƙi da yanke shari'a. Pavao ya same shi tun wajen 1273, kuma in ban da ɗan tsaiko a farko, yana hannunsa har ya mutu a 1312.

Amma duk wannan da bai kai shi inda ya kai ba, ba don rikicin gadon sarauta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1290 aka kashe Sarki Ladislaus na huɗu bai bar magaji ba. Andrew na uku, wanda ya tashi a Venis, ya hau. Gidan Anju masu mulkin Napoli suka ce nasu ne, domin sarauniyarsu Mariya 'yar'uwar marigayin ce. Kowane ɓangare na bukatar wanda ke riƙe da gaɓar teku. Pavao ya raba ƙafa ya ci ta ko'ina: a 1292 Napoli ta ba gidansa Kuroshiya tun daga tsaunukan Gvozd har kudu a matsayin gado, a 1293 Andrew shi ma ya mayar masa da muƙamin ban na gado. Kowannensu ya yi kyauta da abin da ba ya hannunsa. A 1299 ya ƙara da laƙabin mai Bosniya. A 1300 Juraj ya haye teku ya ɗauko Charles Robert na gidan Anju, jikan Sarauniya Mariya, yaro ɗan shekara 12, ya sauke shi a Split. Andrew ya mutu a 1301, amma yaron bai samu naɗin da kowa ya yarda da shi ba sai 1310. To ka ƙirga: shekara 20 ke nan babu sarkin da zai iya aiko wa Pavao da umarni ya kuma tilasta shi.

Kuɗin da ya buga na azurfa ne, kuma an kwaikwayi zanen kuɗin Venis, wanda fatake suka riga suka saba da shi a duk tekun. Dabara ce ta kasuwa: sabon tsabar da ba ya kama da wanda aka sani, ɗan kasuwa zai ƙi karɓa ko ya karya masa daraja.

Malama_Saratu_Billiri:

Sannunku. Malam Bolari ya share fage, bari in shiga maganar bishop, don a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, suna ɗaukarta maganar ibada zalla.

A Turai ta wancan zamani bishop yana da abubuwa uku da mai mulki ke kwaɗayi. Akwai ushiri, wato ɗaya bisa goma na hatsi da inabi da 'ya'yan dabbobi, wanda ake tarawa a ƙarƙashin dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi. Akwai kotun coci, mai duba aure da wasiyya da rantsuwa da duk ƙarar da ta shafi limamin coci. Sai kuma majalisar limaman babbar majami'a, waɗanda a masarautar Hungary takardar da suka buga wa hatimi takan zama hujja. Ban da wannan, a idon mutanen gaɓar, garin da ba shi da bishop bai cika birni ba, komai yawan jama'arsa.

Shibenik tana ƙarƙashin bishop na Trogir. Ma'ana ushirinta yana tafiya Trogir, shari'arta ta coci ma can. Shekaru da yawa suna ja-in-ja, sun sha ƙin biya, har sun taɓa zaɓar nasu bishop ba da yardar Roma ba, abin bai zauna ba. Dalilin rashin zamansa mai sauƙi ne: raba dayosis ba ikon gari ba ne, ba ikon ban ba ne, ko akbishop na Split, wato babban bishop na yankin, ba zai yi shi kaɗai ba. Sai Paparoma.

Ga yadda aka warware ƙullin. Paparoma Boniface na takwas ya hau a ƙarshen 1294, kuma yana goyon bayan gidan Anju a rikicin Hungary. Anju na bukatar Shubich. Shubich na bukatar Shibenik ta zama tasu da zuciya ɗaya. Sai buƙatar ta bi ta Napoli, ta hannun Sarauniya Mariya, ta isa Roma. A 1297 aka naɗa wani ɗan ɗariƙar Faransis mai suna Petar, wanda ya yi wa sarauniyar limanci, akbishop na Split, kun ga an cire ƙayar da za ta iya tsaya a hanya. Ranar 1 ga Mayu 1298 takardar Paparoma ta fito, Shibenik ta zama birni mai dayosis, aka keɓe Martin mutumin tsibirin Rab, shi ma ɗan ɗariƙar Faransis, ya zama bishop na farko.

Abin da ke burge ni a nan shi ne kasadar da ke ciki. Trogir ma a hannunsu take. Sun yanke wa bishop na wani garinsu kuɗin shiga don su daɗaɗa wa wani garin nasu. Sun yi lissafin cewa Shibenik, da take bakin kogin Krka ƙasa da Skradin inda Pavao ke zama, ta fi musu amfani. Ko lissafin ya biya? Ku riƙe wannan: a 1322 garuruwan biyu tare suka juya wa ɗan Pavao baya.

Sai maganar 'yan ɗariƙar Faransis, wadda ba a cika kula da ita ba. Su ba sa zama a daji kamar tsofaffin gidajen zuhudu masu manyan gonaki. A gari suke, suna wa'azi a harshen da talaka ke ji, suna da ilimin rubutu, kuma suna da 'yan'uwa a kowane birni har Italiya. Mai mulkin da ya gina musu majami'a ya samu masu wa'azi, marubuta da 'yan aike a lokaci guda. Majami'ar Maryamu ta 'yan Faransis da ke Bribir ita ce hubbaren gidan, can aka binne Pavao. 'Yar'uwarsa Stanislava kuma ta shiga zuhudu a reshen mata na ɗariƙar, a gidansu da ke kusa da Skradin. Ba na cewa babu tsoron Allah a ciki, mutanen zamanin sun yi imani da gaske cewa addu'ar da ake yi a kan kabari tana amfanar mamaci. Amma hubbare a garin asali shela ce ga sauran dangi cewa wannan reshe ne uban gida.

Bosniya ce ta zame musu ƙarfen ƙafa ta fuskar addini. A can akwai cocin gida wanda bai bi Roma ba, mabiyansa suna kiran kansu "krstjani", Roma kuma tana kiran su 'yan bidi'a. Mladen na farko, ƙanin Pavao da aka ɗora a kan Bosniya, an kashe shi a can a 1304, kuma bayanan ɓangaren Katolika sun ɗora laifin a kan waɗannan mutane. Daga baya Paparoma John na 22 ya rubuta wa Mladen na biyu, ɗan Pavao kuma magajinsa, yana matsa masa ya murƙushe su. Ga tsaka mai wuya: in ya taɓa su, manyan Bosniya da yake mulki ta hannunsu za su tashi, in ya ƙyale su, maƙiyansa na da abin kai ƙara gaban Paparoma.

Ɗan_Yelwa_Bauchi:

Allah ya saka da alheri Malam, Malama na gode ƙwarai. To zan iya kwatanta Pavao da irin su Yakubun Bauchi ko Buba Yero, masu ƙasarsu amma suna ƙarƙashin Sakkwato? Kuma me ya rushe su da sauri haka, shekara 10 kacal bayan mutuwarsa?

Baba_Ajiya_Nafaɗa:

Yaro, kwatancen zai taimake ka rabin hanya, daga nan ya yaudare ka. Yakubu da Buba Yero tuta suka karɓo, halaccinsu daga Shehu yake, kuma magadansu sai Sakkwato ta amince. Pavao ƙasar kakanninsa ce tun kafin a san gidan Anju, shi ne ma ya taimaka aka kawo sarkin. In kana son abin da ya fi kusa, dubi yadda Buharin Haɗeja ya gagari Sakkwato, ko da yake shi fito-na-fito ya yi, Pavao kuwa bai taɓa cewa ba ya bin sarki ba. Yana ambaton sarki a baki, yana aikin gabansa. Ta ɓangaren addini kuwa kada ma ka fara. A nan sarki shi ke naɗa alƙali da limamin Juma'a. A can coci hukuma ce mai zaman kanta, shugabanta yana Roma, shi ya sa sai da aka zagaya ta Napoli kafin a samu bishop ɗaya.

Rushewar kuma ba abu guda ba ne, kuma ban yarda da masu ɗora komai a kan halin Mladen na biyu ba. Labarin zaluncinsa yawancinsa daga alƙalamin mutanen biranen gaɓa ya fito, waɗanda suke da dalilin ƙinsa. Karanta shi kamar yadda za ka karanta shaidar mai ƙara.

Abu na farko Zadar. A 1311 birnin ya yi wa Venis tawaye, lokacin Venis na cikin takunkumin Paparoma Clement na biyar saboda yaƙin Ferrara, ya jingina da Shubich, Mladen ya zama shugabansa. Pavao ya mutu ranar 1 ga Mayu 1312 ana tsakiyar yaƙin. A 1313 Zadar ta koma hannun Venis. Matsalar a fili take: Shubich na da doki da sansani a kan dutse, da 'yan jiragen fashin Omish, amma ba su da rundunar ruwa da za ta kara da Venis. Duk birnin da ke cin abinci daga teku ya ga wannan ya yi nasa lissafin.

Na biyu, sarki ya girma. Yaron da aka sauke a Split ya shafe shekaru yana karya manyan hakiman Hungary ɗaya bayan ɗaya. Mafi taurin kansu, Matthew Chak, ya mutu a 1321. Shekara ɗaya bayan haka aka waiwayo kudu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, sai dai in ɗayan bai samu sarari ba tukuna.

Na uku, kuma shi ne ya fi ciwo, gida ya rabu. Mulkin Pavao na 'yan'uwa ne: shi ban, Juraj a birane, Mladen babba a Bosniya, kowa da rabonsa. Juraj da Mladen duk sun riga shi mutuwa. Da ɗansa Mladen na biyu ya hau sai ya zama gaba da ƙannensa da kuma sauran manyan gidaje irin su Nelipich da Kurjakovich, waɗanda suka yi wa uban biyayya amma ba su ga dalilin yi wa ɗan ba. A 1322 Shibenik da Trogir suka yi tawaye suka miƙa kansu ga Venis. Ƙanin Mladen, Pavao na biyu, ya koma ɓangaren maƙiya. Sarki ya naɗa Ivan Babonich ban, rundunar haɗin gwiwa ta ci Mladen a Bliska, a bayan Trogir. Ya je gaban sarki a Knin yana fatan sulhu, aka wuce da shi Hungary, bai sake dawowa ba. Bosniya ta zauna a hannun Stjepan Kotromanich na biyu.

Sarkin ma bai ci ribar nan take ba. Da aka kawar da Mladen, Nelipich ne ya mamaye Knin, biranen gaɓa kuma Venis ta kwashe. Sai a zamanin ɗan sarkin, Louis na ɗaya, aka tattara ƙasar, har yarjejeniyar Zadar ta 1358 ta fitar da Venis daga gaɓar Dalmashiya, wato gaɓar tekun da biranen nan suke.

Malam_Bolari:

Baba ya gama magana a kan faɗuwar. Ƙari kaɗan ga mai son ya bi diddigi da kansa, don akwai ramuka.

Sunaye. Mladen uku ne. Na farko ƙanin Pavao, wanda aka kashe a Bosniya a 1304. Na biyu ɗan Pavao, wanda aka ci a 1322. Na uku jikan Pavao, mai Klis da Skradin, wanda ya auri Jelena 'yar'uwar Dushan sarkin Sabiya, annobar 1348 ta kashe shi, kabarinsa na cikin babbar majami'ar Trogir. Juraj ma sun fi ɗaya. Zana bishiyar gidan a takarda kafin ka karanta komai, ka sa shekarar mutuwa a gefen kowane suna. Kuma mutum ɗaya zai zo maka da suna uku gwargwadon harshen marubuci: Pavao shi ne Paulus a Latin, shi ne Bulus namu, Juraj shi ne Georgius. A takardun Latin an fi kiran su da sunan garinsu, sarakunan Bribir, don haka in ka nemi "Shubich" kaɗai za ka rasa rabin abin.

Rami na biyu shi ne yarjejeniyar da ake cewa an yi a 1102 tsakanin Sarki Koloman na Hungary da ƙabilu 12 na manyan Kuroshiya, Shubich a cikinsu. Abin da ke cikinta: su riƙe ƙasarsu ba haraji, in yaƙi ya tashi kowace ƙabila ta kawo mahaya 10 da makamansu, jimla 120. Tana da daɗin faɗi, amma kwafin da ya fi tsufa na ƙarni na 14 ne, fiye da shekara 200 bayan abin da yake bayarwa labari, kuma masana sun daɗe suna gardama a kanta. In za ka kawo ta, kawo ta a matsayin shaidar yadda manyan ƙarni na 14 suke kallon haƙƙinsu.

Kada kuma ka haɗa su da gidan Frankopan na tsibirin Krk. Su a arewa suke, kuma a yankinsu ne aka fi riƙo da rubutun Glagolitik, tsohon haruffan mutanen Slav, da yin ibada a harshen Slav, wanda Paparoma Innocent na huɗu ya halatta wa bishop na Senj a 1248. Dokar Vinodol ta 1288 ma a ƙasarsu aka rubuta ta. Gidajen biyu sun haɗu daga baya ta hanyar auratayya, shi ya sa ake cakuɗa su.

Malama_Saratu_Billiri:

Kuma kada Ɗan Yelwa ya tafi da tunanin gidan ya mutu a 1322. Ta ɓangaren mata, Jelena Shubich ita ce mahaifiyar Tvrtko, wanda aka naɗa sarkin Bosniya na farko a 1377. Ta ɓangaren maza kuwa, a 1347 Louis ya karɓe Ostrovitsa ya ba Juraj, ɗan Pavao na biyu, wani sansani mai suna Zrin can arewa, nesa da teku da Venis da duk abin da ya sa kakansa ya ƙasaita. Musanya aka kira shi, amma cirewa ce daga saiwa. Daga sunan wurin suka zama Zrinski. Nikola Zrinski shi ne ya tsare sansanin Siget da ke Hungary a 1566 da mutum dubu biyu da 'yan ɗari a gaban rundunar Daular Usmaniyya, Sultan Sulaiman ya rasu a tantinsa kafin sansanin ya faɗi, Nikola kuma ya mutu a fitar ƙarshe. Petar Zrinski da surukinsa Fran Krsto Frankopan aka fille musu kai a Wiener Neustadt ta ƙasar Ostiriya ranar 30 ga Afrilu 1671 bisa laifin ƙulla wa sarkinsu na gidan Habsburg makirci. Masu kallon ƙwallo da ke cin karo da kulob ɗin Zrinjski na Mostar a wasannin Turai, sunan daga nan ya samo asali.

Dayosis ɗin Shibenik kuwa yana nan har yau. Amma shahararriyar majami'ar Yakubu da za ka gani a hotunan garin ba ta zamanin Pavao ba ce, a 1431 aka fara gina ta, lokacin garin yana hannun Venis.